Goggo da Yaran Ƙetaren Kwari

Ranar da Goggo ta rasu, tun kafin a gama suturta ta layinmu na Nasarawo ya toshe. Keke ba ya iya shiga, 'yan acaɓa ma sai dai su sauke mutum a bakin titi ya ƙarasa da ƙafa. Mu da muke cikin gida mun ɗauka dangi ne da maƙwabta. Sai da na fito tsakar gida zan ce a ƙaro tabarmi, na ga fuskokin da ban sani ba sun fi waɗanda na sani yawa. Allah da ya ba mu ita ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa. Ta tafi da tsufanta, da hankalinta garau, bayan 'yar gajeruwar jinya.

Wasu mata sun zo daga unguwar Herwagana a ƙungiya, da zanensu na zumuntar matan coci iri ɗaya. Suka cire takalma suka zauna a gefen rumfa, babbar cikinsu tana kuka har kafaɗunta na rawa. Tsofaffin ma'aikata daga unguwar Federal Low-Cost suka jera motoci a can nesa suka tako da sandunansu. Wani dattijo dogo mai tabarau mai kauri ya roƙi a bar shi ya gaisa da mata. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya buɗe baki zai yi ta'aziyya, i'ina ta riƙe shi. Ya yi ta fama da kalmar farko, daga ƙarshe ya cire tabaran ya goge ido ya juya. Wata dattijuwa mai sayar da masa kuwa hannuna ta kama ta ce, “Ke ce 'yar riƙonta ko? Ni har ɗakin uwarmu ta zo, jiƙe sharkaf, don kawai ta ji abin da nake so.”

Bayan an yi sadakar uku, jikata ta zauna kusa da ni ta ce, “Kaka, wai Goggo 'yar siyasa ce a da?” Na yi dariya. Yaran nan tsohuwa kawai suka sani, mai zama a kan buzu da rediyo a kunne tana ƙorafin gishiri ya yi yawa a miya. Mu da muka san ta da ƙarfinta mun kusa ƙarewa. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan.

Goggo yayar mahaifina ce, ita ce ta fari shi ne auta. Mahaifinsu daga ƙasar Katsina ya zo Gombe sayen auduga, ya zauna, 'ya'yansa suka tashi da bakin maƙwabta. Shi ya sa Baba yake ce mata Adda, wato yaya da Fulatanci, ita kuma har ya yi furfura Auta take kiransa. Tana cikin 'yan matan farko da aka sa makarantar boko a unguwarsu, kuma lokacin da aka samu 'yancin kai ta riga ta zama malama. A hannunta na tashi tun daga yaye, ita ta kai ni makarantar horon malamai, da na fito kuma aka tura ni firamaren da take shugabanta.

Ba ta zama a ofis. Kujerarta tana gindin dogonyaro inda take hango ƙofar kowane aji. In ta shiga aji ba ta kallon masu ɗaga hannu, bayan aji take wucewa ta tsaya kusa da wanda ya sunkuyar da kai. Ta iya gaisuwa da Tangalanci da Teranci da Wajanci da Fulatanci, amma duk a karkace take faɗa, yara su yi ta dariya, ita ma ta taya su. A gida kuwa ba a buɗe kwano sai ta waiga ta ce, “Wa ya rage?” In an ce wane yana wajen ƙwallo, to sai an cire nasa an rufe kafin kowa ya sa hannu. Tana da faɗa, muryarta kuma har layi na gaba ake ji. Ban taɓa jin ta ce wa wani ya yi haƙuri ba. In ta san ita ce da laifi, dambu take yi ta aika maka da shi da zafinsa, kai kuma sai ka gane.

Abin da ya tara mutanen nan a ƙofarmu ya faru ne a shekarun da kuɗin mai suka shigo, aka ce kowane yaro zai yi firamare kyauta. Makarantu suka cika suka batse. Ajin da nake koyarwa wasu a benci, wasu a ƙasa, wasu a kan taga. Lokacin muna ƙarƙashin jihar Bauchi, sai aka aiko cewa an ware wa makarantun garin Gombe wani kaso na ayyuka, amma sai an tambayi ɗalibai da kansu abin da suka fi buƙata, a kai rahoto kafin hutun damina. In ba a kai ba, can za a yanke mana abin da aka ga dama. Baba yana ofishin ilimi, shi aka ɗora wa aikin, ana kuma raɗe-raɗin ƙarin girma yana jiransa in ya yi shi da kyau. Ya kafa kwamiti, ya sa Goggo a ciki saboda ba ta daɗe da dawowa daga wani kwas a Zariya ba, inda aka koya musu irin wannan bincike.

Yaran sun yi yawa, ba yadda za a yi a tambayi kowa. Dole a ɗebi wasu su tsaya a madadin sauran. Baba ya zo da tsarinsa a shirye: a je makarantun da ke bakin kwalta inda mota ke kaiwa, a tara monitoci da 'yan aji shida masu ƙoƙari, waɗanda suka iya rubutu, su cike takarda a gama. Kowa a kwamitin ya ce madalla. Ni ce mai rubuta abin da aka tattauna a ranar, ina ganin Goggo ta ajiye alƙalaminta na san akwai magana.

Ta ce, “Auta.”

Baba ya ɗaure fuska. “Adda, a ofis muke.”

“To Malam Auta. Waɗannan monitocin 'ya'yan su wane ne?”

“'Ya'yan mutane ne mana.”

“'Ya'yan akawu ne da 'yan kasuwa da malaman asibiti. Sun karya kumallo kafin su fito, gidajensu ga su nan bayan makaranta. Da Babanmu yana sayen auduga, ta saman buhu yake dubawa?”

Wani a cikin kwamitin ya yi dariya, Baba ya harare shi. Goggo ta ci gaba. “Hannu yake zurawa har gindi, ya ciro ta tsakiya, ya ciro ta gefe, sannan ya yi ciniki. Kai ka sani, kai kake riƙe masa sikeli. Yaron aji ɗaya da bai iya rubutu ba yana da buƙata. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba tana da ita. Ɗan Tangale da ya zo jiya bai ji Hausa ba fa? Wanda yake ƙetaren kwari fa?”

Baba ya ce, “Lokaci nake dubawa. In muka makara garin nan gaba ɗaya ya yi asara, ni kuma za a kama.”

Ta ce, “In aka kai ƙarya da wuri ma asara ce, sai dai ita ba a gane ta sai an gama gini.”

Ranar an tashi ba daɗi. Baba ya ce shi zai yi nasa kamar yadda ya tsara, ita ta yi nata in tana da ƙafar yi, amma Landirobar ofis ba za ta bi lungu ba. Washegari wani babba a ofishin ya aiko mata da saƙo a kaikaice, cewa akwai wata makarantar ƙauye mai nisa da take neman shugaba. Goggo ta ce wa ɗan saƙon, “Ka ce ina gaishe shi, kuma a can ma akwai yara.” Baba ya ɗauke ƙafa daga gidanta. Ni kuma na shiga tsakiya, in na je gaishe shi ya ce, “Ya uwar taki da rigimarta?” In na dawo ta ce, “Ya ci abinci kuwa? Ya rame?”

Wadda ta tsaya mata ita ce aminiyarta, wata malama 'yar Tangale da ke koyarwa a Herwagana, tare suka yi makarantar horon malamai. Mama muke ce mata. Ita ce ta tara malamai mata da maza da suka yarda su ba da yammacinsu, har da wani malami Bafulatani da wani ɗan Tera. A tsakar gidan Goggo aka yi tsarin, bayan la'asar, ana tsintar shinkafa a gefe.

Goggo ta fara da raba makarantun garin kashi-kashi: na bakin kwalta, na cikin gari, waɗanda asalinsu na mishan ne, da na bayan gari inda sai an yi tafiya. Daga kowane kashi za a ɗauka. Makaranta mai yara da yawa a ɗebi da yawa, ƙarama a ɗebi kaɗan. A kowace makaranta kuma sai an taɓa ƙananan azuzuwa da manya, mata da maza. Mama ta ce, “To in muka ce hedimasta ya ba mu yara, ai waɗanda ya wanke zai turo.” Goggo ta ce shi ya sa ba mutum ne zai zaɓa ba. Ta sa aka yi ta tara mata murafun kwalbar lemo daga shaguna da gidajen biki. Kowane yaro yana da lamba a rajistar ajinsa, sai aka rubuta lambobin a cikin murafun. A zuba na mata a ƙwarya ɗaya, na maza a wata, a girgiza, a kira yaro ya rufe ido ya zaro. Wanda lambarsa ta fito shi za a tambaya, ko shi ne na ƙarshe a jarrabawa.

Malamin nan Bafulatani ya ce 'ya'yan makiyaya kaɗan ne a makarantun, ƙila ƙuri'a ta tsallake su gaba ɗaya. Goggo tana tauna goro ta ce gaskiya ne, ita ba ta yi wannan tunanin ba. Aka ware musu tasu ƙwaryar. Haka aka yi wa yaran da iyayensu suka zo aikin jirgin ƙasa daga kudu. Aka kuma yarda malami ba zai tambayi 'yan ajinsa ba, don yaro ba ya faɗin gaskiya a gaban mai bulalarsa. Mace ce za ta tambayi yarinya. Wanda bai ji Hausa sosai ba a yi masa da harshen gidansu, da baki, ba da takarda ba.

A wata makaranta malamin Arabiyya ya ga ana girgiza ƙwarya ya ce shi bai yarda a shigo da caca cikin yara ba. Goggo ta rusuna ta gaishe shi da ladabi, ta ce, “Allah gafarta Malam, in gado ya zo rabo biyu daidai, aka rasa wanda zai fara ɗauka, yaya ake yi?” Ya ce ƙuri'a ake yi. Ta ce, “To ita ce wannan. Ba mai ci, ba wanda ake cinyewa. Son zuciyata kawai nake cirewa.” Ya shafa gemu, ya ce a miƙo masa ƙwaryar shi zai girgiza.

A makarantar ce lambar wani dogon yaro ta fito. Hedimastan ya ce a sake zarowa, wannan i'ina gare shi, kuma ba ya gane komai, shekara ta zagayo yana maimaita aji. Goggo ta ce ƙuri'a ba ta san da haka ba. Ta ja yaron gindin bishiya, ta ba shi gyaɗa, ta ce kada ya yi sauri, ita ba inda za ta. Mun gama da sauran yara, an tashi makaranta, tana nan zaune da shi. Abin da ya samu ya faɗa mata shi ne ba ya ganin abin da ake rubutawa a allo. Saboda tsawonsa kullum baya ake sa shi, shi kuma hazo kawai yake gani. Ranar kasuwa ta je wajen mahaifinsa, ta kai yaron asibiti da kanta aka ba shi tabarau. Shi ne dattijon da ya kasa magana a bakin ƙofarmu. Har ya yi ritaya malamin lissafi ne a sakandare.

Makarantarmu ce ta ƙarshe, ga wa'adi ya matso. A bayanta akwai wani kwari mai zurfi wanda ruwa ya daɗe yana ci, da rani yashi ne kawai ake takawa a wuce. Mun zaro lambobi tun jajibiri. Da safe aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, da aka kira waɗanda ƙuri'a ta faɗa musu sai aka ga da dama ba su zo ba. Wani malami ya ce ga yara nan cike da aji, a maye gurbinsu mu huta. Ni ma na gaji, na kalli Goggo ina fatan ta yarda.

Ta ce, “Waɗanda ba su zo ba, ina ne gidajensu?”

Muka duba. Kusan dukkansu ƙetaren kwari ne.

Ta ce, “To in muka sa waɗanda suka zo a madadinsu, za mu ji komai ban da abin da ya hana su zuwa. Ku ɗauko takalmanku.”

Da muka isa bakin kwarin ruwa yana gudu ja wur, yana tafe da rassan itace da kwandunan mutane. A ɗaya gefen kuwa ga yara tsaye cikin kayan makaranta, sun ɗora littattafai a ka cikin leda, suna jiran ruwa ya janye. Ashe haka suke yi duk ranar da aka yi ruwa. Mu a makaranta fashi muke rubuta musu, a yi musu bulala washegari. Na yi shekara ina koyarwa a wurin ban taɓa zagayawa baya da damina ba, haka sauran malaman.

Muka jira har ruwan ya sauka zuwa cinya. Wasu magidanta daga can suka jefo igiya aka ɗaura a jikin bishiya. Goggo ta tattare zani, ta ɗaura mayafi a ƙugu, ta kama igiyar ta shiga. Mama tana bayanta tana kiran sunan Yesu, Goggo tana salati, ni ina bayansu ina kuka. A tsakiya ruwa ya kwashe mata takalmi ɗaya, ko waiga ba ta yi ba. Da muka hau tudu na juya, sai na hango Landirobar ofis a gefen da muka baro, Baba yana tsaye a jikinta ba hula. Wani ne ya je ya gaya masa yayarsa za ta shiga ruwa. Ya daɗe yana kallon yaran nan da ke tsaye. Bai ɗaga mana hannu ba, ya shiga mota ya tafi.

Gida-gida muka bi. A wani ɗan ɗaki da ke yoyo muka sami yarinya 'yar aji huɗu tana taya uwarta suyar masa. Goggo ta zauna a kan turmi, ruwa na ɗiga daga zaninta, ta ce, “'Yata, in aka ce a yi wa makarantarku abu ɗaya, me kike so?” Yarinyar ta kalli uwarta. Uwar ta ce, “Faɗa mata.” Ta ce ita hanya take so. Daminar da ta wuce ƙanenta ya ce shi ba zai sake shan bulalar fashi ba, ya shiga ruwan, sai a can ƙasa aka tsinto shi. Mu a makaranta an ce mana iyayensa sun mayar da shi ƙauye. Goggo ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta yi wa uwar ta'aziyya, ta karɓi masar da aka ba ta ta ci. Sai da muka fito ta jingina da katanga ta rufe fuska da mayafi.

Ranar da babban jami'i ya zo daga Bauchi karɓar rahoto, ɗakin taro ya cika da hedimastoci. Rahoto biyu ne a kan tebur. Na Baba an buga shi da tafireta, an yi masa bango. A cikinsa yara sun ce suna son babban ɗakin taro, da kayan badujala, da rigunan ƙwallo. Na Goggo da hannu muka rubuta. A cikinsa abin da ya fi fitowa shi ne hanyar tsallake kwari, da ruwan sha, da makewayi na mata daban, don manyan 'yan mata da yawa sun ce rashinsa ne yake sa su zauna a gida. Ƙananan yara kuma sun ce suna son malamin aji ɗaya da yake jin harshensu. Masu son ƙwallo ma suna ciki, ba ta cire su ba.

Jami'in ya juya wannan ya juya wancan, ya ce, “Gari ɗaya, yara ɗaya, magana biyu. Wanne zan ɗauka?” Babban nan da ya yi wa Goggo barazanar ƙauye ya fara cewa ai na ofis shi ne na hukuma. Sai Baba ya miƙe.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, ni na rubuta na ofis. Abin da yaran suka faɗa gaskiya ne, amma yaran bakin titi kaɗai na tambaya. Wancan kuwa an tambayi na titi da na lungu, mata da maza, Musulmi da Kirista, har da waɗanda ba su zo makaranta ba a ranar. Na ga inda aka je aka same su da idona. In sunana ake so a kan takarda, a sa shi a kan na Adda.”

Jami'in ya ce, “Wace ce Adda?” Aka fashe da dariya. Goggo ta tashi ta gyara mayafi. Ya ce ta bayyana masa yadda ta zaɓi yaran. Ta sa aka shigo da ƙwaryar da murafun, ta girgiza a gabansa ta ce ya rufe ido ya zaro. Mutumin nan da babbar rigarsa ya rufe ido ya zura hannu. Ya yi ta yi mata tambayoyi, tana ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya, inda ba ta da tabbas ta ce ba ta da shi. Daga ƙarshe ya ɗauki rahoton hannun ya sa a jakarsa, ya ce yana so ta zo ta koya wa malaman wasu garuruwa yadda ake yi. Maganar ƙauye ba a sake tayar da ita ba.

Da muka fito Baba ya zo ya tsaya kusa da ita yana kallon ƙasa. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Ka rame.” Ya ce, “Aiki ne, Adda.” Ta ce, “Hularka ta karkace,” ta miƙa hannu ta gyara masa a gaban hedimastoci. Ƙarin girman nasa ya yi jinkiri saboda wannan rana, amma ya zo, kuma har ya rasu ban taɓa jin ya yi nadama ba.

Ba duk abin da aka roƙa aka samu ba. Amma da rani ya shigo aka kawo siminti da rodi, aka yi gada ta masu ƙafa a kan kwarin, da ƙarfen riƙewa a gefe. Aka ja famfo zuwa makarantu da dama, aka gina makewayin mata, aka fara tura malaman aji ɗaya inda ake jin harshensu. Ranar buɗe gadar Goggo ba ta je ba, ta ce tana da aji.

Sai da damina ta dawo. Wata safiya aka tashi da ruwa mai ƙarfi, muna jin rurin kwarin daga cikin aji. Na buɗe rajista na fara kiran suna, ina ɗaga murya saboda ƙarar kwano. Na kira na farko ya amsa. Na kira na biyu. Na zo kan sunayen 'yan ƙetare, waɗanda hannuna ya saba yi musu alamar fashi tun kafin in kira, sai na ji “Ga ni, Malama,” daga baya, wani na bin wani, jiƙaƙƙu suna rawar sanyi suna murmushi. Na kai ƙarshen rajista ba wanda ya yi shiru. Da na ɗago kai sai na ga Goggo tsaye a bakin taga, ruwan indararo yana zuba a kafaɗarta, ashe tun farko tana saurare. Ta bar tagar ta taka zuwa tsakiyar filin makaranta, ta ɗaga kai sama, ta rangaɗa guɗa. Shugabar makaranta guda, a cikin ruwa. Yara suka ruga tagogi, malamai suka fito, Goggo ta sake rangaɗa wata, 'yan mata suka amsa mata daga kowane aji.

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo gare ka. Ka sauƙaƙa mata tambaya, ka yalwata mata makwanci, ka haɗa ta da ƙanenta a inda ba a rabuwa. Mu da muka rage, ka sa mu cika da kyau. Amin.